Baƙuwar Mama Sunja

"Mama, shekara uku fa! Shekara uku kina ce mata baƙuwa!"

Dasom ta dangwarar da cokali har miya ta fantsama. Mahaifiyarta Sunja, shugabar zumuntar mata a cocinsu na birnin Incheon a Koriya, ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana ta tsince ƙayar kifi.

"To me na yi mata? Na zage ta ne? Kowace Lahadi ni nake zuba mata shinkafa da hannuna."

Abin da ke ƙona ran Dasom ke nan. Ranar da dattawan coci suka ce ƙofa a buɗe take ga mace mai son mace da namiji mai son namiji, rabin jama'a suka tattara suka yi gaba. Sunja ba ta tafi ba, amma ta samo dabarar da ta fi kora ciwo. Da zarar Miran, abokiyar rayuwar Dasom, ta shigo, sai a kai ta teburin baƙi, a rusuna mata, a cika mata kwano. In ta miƙa hannu za ta wanke ko da kofi ne, Sunja ta tare ta da murmushi: "Haba, baƙuwa da wanke-wanke? Zauna ki huta." A cocin nan kuwa, wanda bai shiga kicin ba bai zama ɗan gida ba.

"Mu bar musu cocinsu!" in ji Dasom a mota, tana kuka. "Na gaji, Miran. Gara ta zage mu, mu san matsayinmu."

"Ƙyale ta, uwa ce. Ni ba na sauri."

"Ke dai haƙurin nan naki haushi yake ba ni!"

Da sanyi ya kawo jiki, aka sa ranar haɗa kimci na shekara, wato kabejin da ake shafe wa yaji a adana. Kabeji ɗari huɗu jibge a farfajiyar coci, masu aikin kuwa tsofaffi ne 'yan kaɗan, kowacce na dafe da ƙugu. Miran ba ta nemi izinin kowa ba. Ta naɗe hannun riga, ta tsuguna, ta soma shafa yaji. Dasom ta tsaya tana jiran murmushin nan da ta tsana.

Sunja ta zo ta tsaya a kan Miran, ta daɗe tana kallo.

"Ke! Wa ya koya miki wannan ɓarna? A sama kawai ake shafawa? Ganye-ganye ake buɗewa, har ƙasa! Ji hannu kamar ba ki karya ba. Haka kike ciyar min da 'ya? Shi ya sa duk ta rame!"

Dasom ta zabura. "Mama, ya isa haka—"

Miran ta tare ta da gwiwar hannu. Dariya take yi, hawaye na zuba, ga barkono a hannu ba damar sharewa.

"To, Mama. Nuna min."

Sunja ta ja tsaki, ta tsuguna da ƙyar, ta kama hannun Miran ta cusa cikin kabejin. "Lahadi ƙarfe bakwai ina kicin. Ki makara ki gani!"

Sai a lokacin Dasom ta gane. Shekara talatin tana shan faɗan uwarta, ba ta taɓa jin ta yi wa bare ba. Da sun bi zafin zuciyarta, da sun tafi ba su ga wannan rana ba. Haƙurin da take jin haushi, shi ya sama wa Miran uwa.