Rigar Mak Zuhra

Da hantsi aka kira Sufeto Hisham zuwa unguwar Kampung Baru. An sace rigar da Mak Zuhra, wato Inna Zuhra a harshen garin, ta saka a fim ɗinta na farko, tun zamanin hoto baƙi da fari. Gobe za a kai rigar gidan tarihi.

Tsohuwar jarumar tana zaune, ta sha jan baki kamar kyamara take jira. Jikokinta kuwa har sun gama shari'a, sun ce Hureira ce, Bakanuwar da ke haya a ƙasan gidan tana yi wa tsohuwa hidima.

Hisham ya buɗe durowar da ake ajiye rigar, wani ƙamshi mai nauyi ya buge shi.

"Mene ne wannan?"

"Turaren wuta ne, yallaɓai," in ji Hureira. "Daga gida na zo da shi. Jiya na turara kayan Mak saboda danshi. Don Allah a duba, in aka rufe ni karatun maigidana ya lalace."

Ta ba shi tausayi, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya tambaya wa kuma ke shigowa. Aka ce sai Mak Kamila, maƙwabciya.

Ya same ta tana soya ayaba a rumfarta.

"Rabona da gidan Zuhra tun azumi," ta ce. "Ka ci ayaba mana."

Ta miƙo faranti, mayafinta ya motsa. Duk ƙaurin man suya bai danne ƙamshin ba.

"Mak, a ina ake sayar da turaren Kano a unguwar nan?"

Ta sauke kaskon. Sannan ta jawo leda daga ƙarƙashin tebur, ga rigar a ciki.

"Kowace waƙa a finafinanta ni na rera, ina bayan labule, ita tana motsa baki. Gobe za a rataye riga, a rubuta sunanta ita kaɗai. Ban yi nufin a kama yarinyar nan ba."

Hisham bai sa mata ankwa ba. Suna wucewa ta ƙofar gidan zuwa mota, sai Mak Kamila ta ɗauko waƙar fim ɗin, murya duk ta dusashe.

A kan baranda, leɓɓan Mak Zuhra suka fara bin waƙar, daidai da daidai, ba sauti.