Jan Fenti a Bangon Su Ningrum

Da gwangwanin jan fenti a hannu Galih ya fara ganin Ningrum. Ofishin tallafi ne ya ba shi aikin rubuta GIDAN TALAKA a bangon duk mai karɓar taimako a ƙauyenmu. Doka ɗaya ce: ka goge rubutun, an cire sunanka.

Tana tsaye cikin fararen kayan makarantar nas. Ta kira shi Mas, wato yaya a yarenmu, shi kuma ya kira ta Dik, wato ƙanwa.

"Mas, ka rubuta da kyau. Wannan rubutun ke biya min makaranta."

"Dik, wallahi hannuna rawa yake."

"Talaucin ka gani, ko ni?"

Shi ke nan, gogan naku ya afka. Kullum yana ƙofar gidan, wai dubawa yake ko fenti ya bushe. Wata bakwai fenti bai bushe ba!

Babansa, Pak Sutikno, wato Malam Sutikno, mai ɗan shagon fenti wanda girman kansa ya fi shagon, ya ce atafau.

"Ni in je neman aure ƙarƙashin wannan rubutun? Gari ya yi min dariya?"

Sai Galih ya yi dabarar masoya, wato wauta. Ana gobe baiko, Ningrum na asibiti wajen koyon aiki, ya lallaɓa mahaifiyarta ya shafe bangon da farin fenti don babansa ya yarda ya zo. Wai kwana ɗaya tak, jibi zai mayar.

Tarno, wani manemi wanda Ningrum ta taɓa kora har da ledar tsarabarsa, ya ɗauki hoto ya tura ofis. Sati bai zagayo ba aka cire sunan gidan. Saura wata takwas ta gama, makaranta ta sallame ta, ta ce gurbin na 'yan tallafi ne.

Ta turo masa saƙo: "Mas, babana ya rasu bai iya rubuta sunansa ba. Ni ce ta farko da ta yi nisa a karatu a gidanmu. Ka ji kunyar bangonmu, sai ka goge ni."

Ya amsa: "Hasken idona, na ji. Ki leƙo da safe."

Ta taga ta gan shi a kan tsani, yana mayar da rubutun, manya-manya. Jama'a suka taru. Sai ga Pak Sutikno a fusace.

"Sauko! Tona min asiri za ka yi?"

"Baba, rufin asirinka ne ya cinye mata karatu."

Can sai tsohon ya matso ya riƙe masa tsanin.

Shekara guda suna sintirin ofis kafin a maido da sunan gidan. Ƙanwarta Lastri, wadda ita ma cirewar ta zaunar a gida, ta koma sakandare. Gurbin Ningrum kuwa, tuni an ba wata.

A ƙarƙashin jan rubutun aka ɗaura auren, fararen kayan na ninke a ƙasan akwati.

Galih ya raɗa mata, "Dik, kin yafe min?"

"Na dai aure ka, Mas. Sauran, ka bari fenti ya bushe."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kai Lastri inda yayarta ba ta kai ba.