Bidiyon Hajjin Da Yake Haihuwa

Ranar da Sabitu ya fara ganin Radiyya, kansa na ƙarƙashin teburin babanta yana laluben waya. Ya ɗago zai amsa sallamarta, ƙeyarsa ta daki katako, amma bai ji zafin ba sai da ya koma Nguru.

Mai gyaran kwamfuta ne, shagonsa na kusa da tashar jirgi. Alhaji Babagana, dillalin busasshen kifi a Gashuwa, shi ya aika aka kira shi, saboda kwamfutarsa ta cika maƙil ta daina karɓar komai. Alhaji kuwa abu ɗaya yake yi da ita: kullum bayan la'asar ya zauna ya kalli bidiyon aikin hajjin da suka yi da marigayiya matarsa, mahaifiyar Radiyya. Sabitu ya share tarkace, kwamfuta ta samu sarari. Radiyya ta kawo masa zoɓo, ta karɓi lambarsa, wai ko za ta sake cika.

Ai kuwa ta sake cika. Sati bai zagayo ba saƙo ya shigo:

"Malam mai gyara, ciwon mara lafiyarka ya dawo. Ka zo, amma ka kula da ƙeyarka."

Da ya zo, sai ya tarar bidiyon hajjin nan guda ɗaya ya zama tuli, kwafi a kan kwafi. Alhaji ya ce shi bai yi mamaki ba, albarkar ƙasa mai tsarki ce, bidiyon haihuwa yake yi. Sabitu ya saci kallon Radiyya, ya ga ta ƙura wa silin ido kamar yau ta fara ganinsa. Ya haɗiye dariyarsa ya kama aiki.

Haka aka yi ta yi, ita tana cikawa, shi yana ragewa, hanyar Nguru zuwa Gashuwa ta zame masa hanyar gida.

"Hasken idona, ki sassauta wa injin nan, jiya har nishi yake yi."

"Sahibina, in na sassauta, da wane dalili za ka zo?"

Amma da kawunnan Sabitu suka je neman izinin aure, Alhaji ya ce sam. Yaron da ya yi wata da watanni ya kasa gyara akwati ɗaya, yaya zai riƙe gida? Ya kirawo Hizbullahi, ɗan amininsa na Dapchi, wanda ya taɓa kwamfuta a Kano, kuma dama ya daɗe yana sa ido a kan Radiyya.

Hizbullahi ya zo da zumuɗin burge suruki. Ya tattara bidiyon gaba ɗaya, uwa da 'ya'ya, ya goge, ya bi kwandon sharar kwamfutar ya zazzage. Ya karkaɗe hannu ya ce an gama har abada.

Bayan la'asar Alhaji ya ja kujera ya zauna. Babu Hajiya. Ya danna nan, ya danna can. Wannan bidiyo shi kaɗai ne wurin da muryarta ta rage a duniya, kuma dattijon nan da ko a kasuwa ba a taɓa ganin ya russuna ba, ya sunkuyar da kai yana hawaye. Radiyya ta durƙusa ta faɗi gaskiya, cewa ita ce take kwafa don Sabitu ya riƙa zuwa. Alhaji bai ko dube ta ba.

Da dare ta tura wa Sabitu saƙo: "Sabitu, Mama ta tafi. Laifina ne."

Washegari da hantsi sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, ya rungumo kwali cike da faya-fayan CD. Ashe duk kwafin da ya cire, sai ya juye shi a faifai kafin ya goge.

"Don me?" in ji Alhaji. "Ba duk iri ɗaya ba ne?"

"Iri ɗaya ne, Baba. Amma duk lokacin da zan danna, sai in ga Hajiya ta ɗaga hannu tana addu'a a Arfa. Sai yatsana ya ƙi."

Aka saka faifai, muryar Hajiya ta cika ɗakin. Alhaji ya kalla har ƙarshe, ya share ido da bakin rigarsa.

"Na ce ba ka iya gyara ba, kuma ban janye ba," ya ce. "Amma wanda bai iya jefar da abu ba, shi nake so ya riƙe mini 'yata. Ka ce kawunnanka su dawo."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Duk wanda ya halarta ya tafi da goro, da alawa, da faifan hajji guda, har Hizbullahi. Kwamfutar kuwa tun daga ranar ba ta sake cika ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya jiƙan Hajiya, wadda yanzu addu'arta ke tashi a gidaje daga Gashuwa har Nguru.