Matakalar Metiron Ursula

Sufeto Orshi ya sa cokali a shinkafarsa ke nan, wata mata mai fararen kaya ta faɗo ofishinsa ko sallama babu.

"Ni ne Metiron Ursula, shugabar nas-nas. Akwai ɓarawo a asibitina."

"Me aka sace?"

"Magani. Kwalba yana raguwa, amma bai shiga jikin mai ciwo ba."

Mai ciwon Alhaji Sha'aibu ne, dillalin doya, da ke kwance da gudan jini a ƙafa. An sa shi kan wafarin, maganin tsinka jini, amma gwaji ya nuna jinin na nan da kauri kamar kunu. Likita ya ce in ba a gano dalili ba kafin magariba, zai ninka maganin.

"In an bar shi haka, gudan zai iya hawa huhu," in ji Metiron. "In kuma bai taɓa sha ba aka ɗura masa ninki, jini zai ɓalle."

Sufeto ya dubi shinkafar da tausayi, ya rufe ta, ya ɗauki hularsa.

Asibitin ƙarami ne, na kuɗi, a hanyar Azuba, da doguwar matakalar siminti a ƙofarsa.

"Wa ke ba Alhaji magani?"

"Sista Perpetua, ita kaɗai."

"Me ya sa ita kaɗai?"

Metiron ta gyara tsayuwa. Ashe ta je wani taron bita ne, aka ce musu a riƙa auna ƙarfin gwiwar nas-nas kan kula da masu shan maganin tsinka jini. Da ta dawo sai ta jera su a gindin matakalar nan, ta ce kowacce ta hau daidai yadda take jin ta iya. Wasu suka tsaya tsakiya, wasu ƙasa-ƙasa.

"Perpetua fa?"

"Har sama! Ta ma tambaya ko akwai tsani. Shi ne na damƙa mata maganin Alhaji."

Sufeto ya ce a kira masa ita. Ya daɗe a aikin ɗan sanda, ya san mai saurin rantsuwa shi ake fara bincikar aljihunsa.

Sista Perpetua doguwa ce, mai muryar da ake ji daga titi.

"Oga, tun kana kurtu nake allura. Wafarin kuma? Ko ido a rufe!"

"In mai shan sa ya fara zubar da jini, me ake yi?"

"Ah-ah! Ni za a tambaya wannan? Ka tambayi duk Lafia wane ne Perpetua!"

Ta yi maganar da ta ishi mutum uku, amma amsa ba ta fito ba.

Alhaji Sha'aibu na kishingiɗe, ƙafarsa a kumbure kamar doyar da yake sayarwa. Da ya juya gaisawa, Sufeto ya hango zagaye-zagayen tsaga a ƙeyarsa.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Sauro ne, ranka ya daɗe."

"Sauron ya zo da aska da ƙaho?"

Alhaji ya yi tari. Ya rage murya ya ce wanzaminsa ne ya sake leƙowa ranar Juma'a, a matsayin mai dubiya. Shi tun yana saurayi bai taɓa tsallake ƙaho ba, ba kuma wata ƙwaya ce za ta hana shi ba.

"Jinin ya daɗe yana zuba?"

"Ina! Nan take ya tsaya."

"Ƙwayar da Sista ke ba ka, wace iri ce?"

"Mai ruwan lemo. Tana da ɗan tsami, daɗi gare ta. Har ƙari nake roƙo."

Metiron ta zaro ido, ta buɗe kwalbar wafarin. Ƙwayoyin ciki ruwan hoda ne.

"To ina take kai su?" in ji ta. "Kullum ana caje jaka da aljihu a get."

Sufeto ya riga ya bi hancinsa. Tun shigowarsa wani wari ke tasowa daga tagar da ke kan gadon Alhaji. Ya zagaya baya. Cikin ciyawa ga wata ƙatuwar gafiya a miƙe, busasshen jini a hancinta. Kusa da ita ga curin sakwara da aka gutsura, da ɗigon ruwan hoda a tsakiya.

A rumbun mahaifinsa a Agyaragu ya sha ganin ɓerayen da suka ci guba sun mutu haka.

"Metiron, wafarin na kashe ɓera?"

"Ai da shi ake maganin ɓera."

"To ga mai ciwonku da bai taɓa fashin magani ba."

Ya kamo gafiyar ta wutsiya, ya shiga da ita ɗakin nas-nas, ya ajiye a gaban Perpetua. Nas-nas suka watse da ihu. Ita ko motsi ba ta yi ba.

"Sista, wa ke kwashe kwanon Alhaji in ya gama cin sakwara?"

Muryar nan da ake ji daga titi ta koma kamar ta sauro.

"Ni ne."

"Faɗi sauran."

"Oga, na ga wanzamin tun ranar farko. Na san Alhaji ba zai bar ƙaho ba. In na ba shi magani jini ya ƙi tsayawa, ya mutu a hannuna fa? Ban san me ake yi ba. Wallahi ban sani ba! Shi ne nake ba shi bitamin, in cusa na gaske cikin sakwara in jefar."

"Me ya hana ki tambaya?"

Hawaye suka zubo mata.

"Wa zan tambaya? Yaran da na bari a ƙasan matakala? Kowa ya gan ni a sama."

Sufeto ya ji tausayinta, har ya ji haushin kansa da ya ji. Amma ƙafar Alhaji ba ta san tausayi ba. Ya tura Metiron da gudu ta tare likita kafin ya ninka komai, ya kuma gaya wa Alhaji cewa in ya sake ganin sauron nan mai aska, zai kwana a sel.

Sannan ya tasa Perpetua gaba. Suka sauko matakalar a hankali, sauran nas-nas na leƙe ta taga. Da suka kai ta ƙarshe, ta ja ta tsaya, ta dubi siminti a ƙarƙashin ƙafarta.

"Oga, nan ne wurina."

"Da nan kika tsaya ran nan," in ji Sufeto, "da yanzu an koya miki, gafiya na raye, ni kuma na ci shinkafata da zafi."

Ya buɗe mata ƙofar mota.