Fumfuna a Cikin Gilashi

Tururuwa ce ta fara kai ta shagonsa. Hotonsu take son ɗauka kusa-kusa, har a ga gashin ƙafarsu, don haka take neman tsohon lens, wato gilashin kyamara, irin wanda ake murɗawa da hannu.

Mai gyaran kyamarar ya jera mata su a kan tebur. "Wannan gajere ne, sai kin kai hanci kansu, su watse. Ɗauki dogon, 'Yar Tururuwa." Ya ɗaga shi saitin taga, ya leƙa. "Tas yake."

Sunan ya bi ta, wanda ya raɗa sunan ma ya bi ta har ƙofar gida. Kafin a ce me, soyayya ta yi nisa.

Sai dai hotunanta kullum da hazo suke fita. Ran nan ta ɗaga lens ɗin ga haske, sai ga fumfuna shimfiɗe a ciki kamar yanar gizo. Ta kai masa tana tsokana: "Malam gwani, ashe ruɓaɓɓe ka zaɓa mini?"

Ya leƙa, ya juya, ya sake leƙawa. Bai ga komai ba. Wayyo! A nan dariyarta ta mutu.

Likita ya ce ganinsa tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba. Babanta da ya ji ya ce, "Ina tausayinsa, amma ba zan ba shi ke ki zama 'yar jagora ba."

Shago ya rufe. Saƙonsa ya shigo: "Ki bi maganar Baba, 'Yar Tururuwa. Yau fuskarki na nema a waya, hazo na gani. Ki manta da ni."

Ta yi kuka har ta gode Allah. Ta kira, ta kira, shiru.

Da ta gaji, ta ɗauki kyamara ta je ta yi ta dukan ƙofarsa.

"Buɗe lens ɗin nan ka wanke," in ji ta.

"Ba na ganin kusoshin."

"Ni ina gani. Hagu kaɗan. Tsaya. Murɗa."

Hannunsa bai manta komai ba. Da suka gama, ta ɗauki hoton idonta, ta buɗe shi ya cika fuskar kwamfuta. Ya matso har goshinsa ya kusa taɓawa.

"Na gan ki," ya ce. "Kuka kike yi."

Hoton ta kai wa Baba, ta faɗa masa wanda ya wanke gilashin. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ki ce ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure ganin ango ya riga ya tafi gaba ɗaya. Baba ya kama hannunsa ya ce, "Allah Ya yi muku albarka."

Ango ya ce amin, ya juya inda ya ji muryar amaryarsa. Ta ce, "Hagu kaɗan." Ya gyara.