Rufin da Bakanike Ya Toshe

Gidan Bakanike ba gina shi aka yi ba, haɗa shi aka yi. A kamfani aka zuba fallayen kankaren, mota mai ƙugiya ta kawo su ta jera, kafin maƙwabcinsa ya gama jiƙa bulo shi har ya tare. Ya ishi kowa da yabon gidan: ba tsagewa, ba yoyo, ba birkilan da zai ja masa rai. Matarsa kuwa ko ƙusa ta kasa kafawa a bango, da ta nemi a ƙara taga a kicin ya ce wannan gini ba a taɓa shi.

Fallayen rufin suna da ramuka dogaye kamar bututu. Da hannunsa ya toshe bakunansu da siminti, wai kada ƙadangaru su samu masauki.

Wata magariba matar tana kwashe shanya, tsakuwa ta faɗo a gabanta. Ta duba sama, ba kowa. Sai ga ƙwanƙwasa daga cikin rufi, a hankali, daga wannan falle zuwa wancan, kamar mai neman ƙofa a duhu.

"Kankare ne yake hucewa," in ji Bakanike.

Kullum rana ta faɗi sai an yi. Hira ta mutu a gidan, kowa na cin abinci kunnensa na sama. Daga baya 'yarsu Auta, budurwar da ba ta zama wuri ɗaya, ta daina magana. Sai ta hau kujera ta manna kunne a rufi, tana kankarar siminti har farcenta ya yi jini. Ranar da uwar ta riƙo ta, ta juyo da wata murya mai kauri wadda ba tata ba, ta ce, "Sake ni, yana kuka."

Aka ɗauko malami mai ruƙiyya, tsoho marar gaggawa. Ya zauna ya yi ta karatu, haske yana janyewa daga taga. Auta ta sandare.

Malam ya ce, "Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Bakinta na ara, tunda jifa bai sa kun ji ba. A filin kamfani muke zaune, cikin ramukan nan. Na fita na bar ɗana yana barci, na dawo an ɗauke fallen. Na biyo sawun mota, na tarar an toshe."

"A wanne yake? Mu buɗe shi kaɗai."

Wani kuka ya fito daga ƙirjin Auta wanda ya sa uwar ta toshe kunne.

"Da na sani zan kwana ina ƙwanƙwasa? Duk kamarsu ɗaya! Muryarsa ta fara ƙasa. In nawa ya mutu, malam, na riƙe tasu."

"In ya fito da rai fa?"

"Na tafi, ba za ku ƙara jin ɗuriyata ba."

Malam ya dubi Bakanike. Mutumin da ya hana a ƙara taga ya tashi, ya ɗauko guduma da tsani. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, filasta tana zubowa, gefen fallayen yana ɓarewa, ba komai ciki sai iska mai warin siminti. Tsoro ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba, domin ramukan suna ƙarewa duhu kuma yana ƙaruwa.

A saman kicin, daidai inda matarsa ta so taga, gudumar ta huda. Wani sanyi ya goge masa fuska ya wuce. Gidan ya yi tsit.

Daga cikin ɗaki aka ji atishawa. Ya sauko da gudu, ya tarar da Auta zaune a jikin uwarta tana kallon yatsunta. Ta ɗago ta ga ƙura a kansa, ta hango ɓaraguzai ta ƙofa.

"Baba, wa ya fasa maka gida?"

Ya ajiye gudumar, ya durƙusa ya riƙe hannunta mai jini.

"Ni ne, Auta. Gobe ma zan fasa wa mamanki taga."