Rigar da Baba Ya Farke

"Miƙo mini almakashi, Keziya!"

Ta miƙa masa. Baba Yoshiya dattijo ne a ikilisiyar Madarumfa, kuma tunda ya haife ta bai taɓa daka mata tsawa ba sai yau. Ya shimfiɗa rigar bisa keken ɗinkinta, shuɗiya mai gajeren hannu, wadda ta yi kwana uku tana ɗinka wa Ruben.

"Baba, don Allah... ƙyalle ne kawai!"

"Ƙyalle? Loisa ta ce da idonta ta ga kina cusa laya a hammatar. Ɗiyata, da laya!"

A bakin shagon Ruben na tsaye, kansa a sunkuye, kafaɗunsa sun cika ƙofar.

Baba ya farke hammatar dama. Wani ɗan ƙyalle ya faɗo. Ya farke ta hagu, ya bi wuyan, ya bi aljihun. Babu komai.

Keziya ta jira ya ce ya yi kuskure.

Sai ya ajiye almakashin, ya dubi Ruben. "Ko babu yau, akwai gobe. Ɗan kokawa ba ya rabuwa da boka. Kada in ƙara ganinka a ƙofar nan."

"To, Baba," in ji Ruben.

Ko kallonta bai yi ba ya juya.

Wata takwas kafin wannan rana, a shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, Ruben ya fara shigowa shagonta da ƙunshin riguna a hannu. Masunci ne a tafki, da kaka kuma yana shiga filin kokawa. Tuƙin kwale-kwale ya faɗaɗa masa ƙirji, ƙugunsa kuwa siriri.

"Gwanjon Maraɗi duk na zagaye," ya ce yana sosa ƙeya. "Wadda ta shiga kafaɗa, ƙasanta kamar buhu. Wadda ta kama ƙugu, in na ɗaga hannu sai maɓalli ya yi tsalle. Ranar Lahadi ɗaya ya bugi mai ganga a majami'a."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

Ta auna shi, ta ce ya ɗaga hannu kamar zai jefa taru, ta sake aunawa. Rigar farko ta matse. Ta biyu ta yage a baya. A ta uku ta gano dabara: ta ƙara ɗan ƙyalle a hammata, ta yi ninki biyu a gadon baya, ta tsuke ƙugun. Da ya saka, ya miƙa hannu sama, ya juya hagu, ya juya dama, sai ya dube ta.

"Ƙanwata... tunda na girma ban taɓa sa riga na manta da ita a jikina ba."

Daga nan ya riƙa zuwa ko babu ɗinki, wani lokacin da kifi a ganye. Loisa, ɗiyar ƙanin Baba, wadda ta daɗe tana sonsa a ɓoye, tana zaune a gefe tana koyon sa maɓalli, tana kallonsu.

Kwana biyu bayan farke rigar, Ruben ya bar gari. Aka ce ya tsallaka Najeriya, yana dako a kasuwar Jibiya.

Bai aiko da wasiƙa ba.

Keziya ta daina ɗinkin maza. Ta buɗe shago da safe, ta taka keke, ta rufe da yamma. A gida ta kai wa Baba tuwo, ta durƙusa, ta tashi, ba ta fasa ladabi ba, amma hira ta mutu tsakaninsu. A majami'a ta bar ƙungiyar mawaƙa ta koma bencin baya. In masunta suka wuce da taru a kafaɗa, sai ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta san ba ya ciki, amma sai ta duba.

Mushe Kalebu, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya aiko iyayensa. Ta ce a ba shi haƙuri.

"Har yaushe za ki zauna haka?" Inna ta tambaye ta.

"Ni ma ban sani ba, Inna."

Damina biyu ta wuce.

Baba ne ya lura Loisa ta daina cin Jibin Ubangiji. Duk ranar da aka zo rabawa sai ta sulale waje. Wata Lahadi bayan sujada ya kira ta gindin darbejiya, Keziya na kusa tana naɗe tabarmi.

"Mi ya raba ki da teburin Ubangiji, ɗiyata?"

Loisa ta fashe da kuka. "Baba, ban ga laya ba! Ban taɓa gani ba... So nake ku raba su ya dawo gare ni. Ga shi bai dawo ga kowa ba."

Tabarmar ta suɓuce daga hannun Keziya.

Baba ya dube ta. Sannan a hankali ya ce, "Ke kin faɗi ƙarya sau ɗaya. Ni na ga gaskiya da idona, na ƙi ta shekara biyu."

Washegari ya saka hularsa ya nufi tasha, bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Kwana ɗaya. Kwana biyu. Inna, da ta tabbata Jibiya ya nufa, ta fara kuka, tana cewa tsoho da ciwon ƙafa ina zai iya hanyar iyaka. Keziya ta kasa taka keke. In ya sami Ruben da mata fa? In ya ƙi zuwa?

Rana ta huɗu da hantsi tana zaune a ƙofar shago, sai ta hango mutum biyu sun taho daga tasha.

Na gaba Baba ne, yana ɗingishi, da jaka bisa kansa.

Na baya Ruben, ya yi baƙi, ya rame, yana ta miƙa hannu. "Baba, don Allah ku ba ni kayana! Mutane na kallo!"

"Su kalla. A gabansu na kore ka."

Har ƙofar shagon Baba ya kawo jakar, ya sauke ta a gaban Keziya, yana haki.

"Ga shi na maido miki. Ki yafe mini, in kina iyawa."

Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Da ta ɗago, Ruben na tsugune kusa da ita, idonsa ya yi ja.

"Ko wasiƙa ɗaya, Yaya Ruben?"

"Baba ya ce kada in zo ƙofarki, masoyiyata. Na ɗauka takarda ma zuwa ce."

"Kuma da bai je ba?"

"Da ina can ina jira."

Baba ya zauna bisa benci yana murza gwiwa. "To, jira ya ƙare. Ka turo iyayenka ranar Asabar. Keziya, ba ni ruwa, ƙafar nan ta gama aikinta."